Hannun Daman Baba Hedimasta

Na manta abubuwa da yawa na zamanin da nake koyarwa a Kafanchan. Sunayen yara sun tafi, fuskokin wasu malaman ma sai na yi da gaske nake tuno su. Amma shari'ar cek ɗin nan da aka yi da mijin goggota, ita kam ta zauna daram a raina, ba na jin za ta bar ni har in koma ga Ubangiji. Ko yau na ga tsoho ya cusa hannu cikin riga ya ƙi fitarwa, sai na tsaya ina kallonsa.

Lokacin ba a daɗe da canza kuɗi daga fam zuwa naira ba. Ina budurwa, sabuwar malama a wata firamare kusa da kwatas ɗin ma'aikatan reluwe. Halina tun ina yarinya shi ne tambaya. Mahaifiyata takan ce ko mutuwa na yi sai na tashi na tambayi masu haƙa kabari dalilin da ya sa suka zaɓi wannan gefen. Mijin goggota a makarantar yake shi ma, shi ke da aji shida. Mutum ne shiru-shiru, ko guntun alli ya rage masa sai ya mayar ofis. Mu sauran mukan yi masa dariya a kan haka.

Goggon tawa 'yar Baba Hedimasta ce, shi kuwa Baba ƙanen kakana ne. Ya yi ritaya ya koma gida Kagoma, amma sunan Hedimasta ya bi shi. Abin da aka san shi da shi a duk ƙasarmu shi ne rubutu. Takardar baftisma, takardar aure, sunan da ake sawa a bangon sabon Littafi Mai Tsarki, duk wurinsa ake kawowa. Malamai, fastoci, akawuna, da wuya ka sami wanda bai kama masa hannu ya koya masa riƙon alƙalami ba. Ni ma na sha rula a bayan yatsu. In ya duba littafinka ya ga haruffa sun karkace, sai ya ɗaga shi sama ya tambayi aji, “Mutum ne ya rubuta wannan, ko kaza ce ta bi ta kan tawada?”

Wata Litinin muna cikin aji 'yan sanda suka zo suka tafi da mijin goggo. Kafin a tashi makaranta labari ya gama gari, wai ya yagi cek daga littafin surukinsa, ya sa hannu da sunan tsohon, ya je banki ya karɓi kuɗin fansho. Cek a lokacin sabon abu ne a wurinmu, sai 'yan fansho da manyan ma'aikata ke da shi. An kawo wa bankin sabon manaja daga kudu, mai bin diddigi, shi ya ɗauko katin da Baba ya sa hannu tun buɗe ajiya, ya gwada da na cek ɗin, ya ga ko kusa ba su yi kama ba.

Ranar shari'a na roƙi izini na tafi kotun majistare. Ana zafi, amma Baba ya zo cikin babbar riga. Da akawu ya miƙa masa Littafi don rantsuwa, hannun hagu ya ɗora. Na gani, na ce a raina ko ciwon kafaɗa ke damunsa, na wuce. Sajan mai gabatar da ƙara ya nuna masa cek ɗin.

“Baba, wannan sa hannunka ne?”

“Ba nawa ba ne.”

“Ka gane rubutun?”

“Na gane. Na mijin 'yata ne.”

Sajan ya zauna. Majistare ya juya wurin mijin goggo, wanda ba shi da lauya, ya ce ko yana da tambayar da zai yi wa wannan shaida. Bawan Allah ya kafa ido a ƙasa ya ce, “Ba ni da tambaya, ranka ya daɗe.” Majistare ya sake tambayarsa, ya sake ba da amsa iri ɗaya. Da aka zo kan kare kai kuma, abin da ya faɗa bai wuce “Ni na rubuta” ba. Aka ce sai me? Ya ce shi ke nan. Aka yanke masa shekara biyu.

Mu da muke zaune a benci, babu wanda ya yi mamakin rashin tambayar. A wurinmu mijin 'ya ba ya tsayawa gaban uban matarsa ya ce masa “ba ka ce kaza ba?” Durƙusawa yake ya gaishe shi, ya yi masa noma da damina, in suna magana ya kalli gefe. Balle a gaban jama'a. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda kotu take fassara irin wannan shirun.

Gari ya yanke nasa hukuncin har ya fi na majistare. A zumuntar mata ana yi wa goggo addu'a da irin muryar da ake yi wa wadda mijinta ya mutu. Ita kuma ta kulle kanta a ɗaki, ba ta san wanda za ta yi wa kuka ba, uba ko miji. Ofishin ilimi suka dakatar da shi, ana jiran takardar kora kawai. Ni kuwa abin ya hana ni sakat, ba don na fi kowa tausayi ba, sai don lissafin ya ƙi fita. Wane irin ɓarawo ne zai shiga bankin da kowa ya san shi, da rana tsaka, ya gaisa da akawuna har ya tambayi lafiyar iyalinsu? Kuma na ga cek ɗin da idona sa'ad da ake miƙa shi. Bai ko gwada kwaikwayon hannun Baba ba. Rubutunsa ne sak, irin wanda yake yi a allon aji shida.

Na kai masa abinci gidan yari. An aske masa kai, ya rame. Na ce masa wani lauya, ɗan wani dattijon ikilisiyarmu, ya ce ana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, amma akwai wa'adi, in ya wuce shi ke nan.

“Malama, ka bar maganan,” ya ce. “In na je can, me zan faɗa?”

“Gaskiya mana.”

“Gaskiyan ba nawa ba ne ni kaɗai.” Sai ya canza zance. “Yaran ajina sun gama lissafin rabawa?”

Wannan magana ta gaskiyar da ba tasa ba ce shi kaɗai, ita na kwana ina juyawa. Ranar Asabar na hau motar kasuwa na nufi Kagoma. Tun daga bakin hanya na hango abin da ya sa na kusa tuntuɓe: ɗakin Baba, wanda na sani da jinkar ciyawa mai yoyo, yana ta ƙyalli da sabon kwano. Na sami ƙanwarsa, tsohuwar da ke yi masa girki, tana shanya citta a tsakar gida. Bayan gaisuwa na ce, “Iya, kun yi sabon rufi ba ku gaya mana ba. Wa ya yi aikin?”

“Ai surukin gidan ne. Shi ya kawo kwanon a mota, shi ya hau sama da kafinta. Kwana kaɗan sai muka ji wai an kama shi. Ni dai ban gane ba, 'yata. Na tambayi yayana, ya ce in kula da tukunyana.”

To, ni ba a ce in kula da tukunyata ba. Kuma ina da abin da duk gidan babu mai shi: ni jika ce. Abin da 'ya ba za ta faɗa wa tsoho ba, abin da suruki ba zai ko yi mafarkinsa ba, jika tana faɗa a yi dariya. Baba tun ina ƙarama “amarya” yake kirana, ni kuma in ce masa “miji”. Na same shi a gindin mangwaro kan kujerar malam-zauna, hannun dama cikin riga.

“Amarya, sai yau? Na ɗauka wani direban jirgi ya ɗauke ki.”

“Direban jirgi ba shi da ɗaki mai kwano. Na ji ka yi arziki ne na dawo.”

Ya yi murmushi, amma bai kai ido ba. Na ciro sabon littafin waƙa daga jaka, na ce ya rubuta mini sunana a bango kamar yadda ya yi wa kowa. Ya ce tawadarsa ta ƙare. Na miƙa masa biro. Ya ce ai na san ba ya taɓa biro, biro ke lalata hannun yaran yanzu. Sai na ciro alƙalamina mai shan tawada, wanda na cika tun daga gida don na san za a zo nan. Ya dubi alƙalamin, ya dube ni. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, amma bakina ya riga ni.

“Miji, fito da hannun nan in gani.”

Sannan ya zaro shi ya ɗora a kan gwiwa. Hannun yana kaɗawa shi kaɗai, kamar na mai tankaɗe. Ya danne shi da na hagu, yana saki ya ci gaba. Hannun da ya dake ni da rula ke nan, hannun da ya rubuta takardar baftismata.

Ya ce abin ya fara ne daga babban yatsa tun damina biyu da suka wuce. Ba wanda ya sani sai surukin, shi ma don ya zo noma ne ya tarar da shi yana kokawa da maɓallin riga. Da aka zo batun cek, shi Baban ya ce wa surukin ya rubuta sunan kawai ya kai, tsofaffin akawunan sun san su duka biyun, ba sa ko dubawa. Na ce to me ya hana shi zuwa banki ya gaya musu?

“In gaya musu me? Za su kawo mini tawadar dangwale. Ni. In dangwala yatsa a gaban yaran da na koya wa abacada, kamar wanda bai taɓa ganin allo ba?”

“A kotu fa?”

“Sajan ya ce mini abin da aka tambaye ni kawai zan amsa. Na yi rantsuwa, ban yi ƙarya ba. Na ce a raina, in yaron ya tambaye ni ko ni na sa shi, zan ce ni ne.”

“Baba,” na ce, na ajiye wasan jika gefe, “kai ka san ba zai tambaye ka ba.”

Can ya ce, “Na sani.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban taɓa jin haushin wani babba kamar yadda na ji a ranar ba. Na ce masa mutum yana can an aske masa kai, za a kore shi daga aiki, 'ya'yansa za su tashi ana nuna su a ce 'ya'yan ɓarawo, duk don kada a ga hannunsa yana rawa. Na gaya masa zancen ɗaukaka ƙara da wa'adin da ya kusa cika. Ya ce, “Za su sa in tsaya gaban mutane.” Na ce ai shi ma wancan a gaban mutane ya tsaya. Na tashi na tafi ban ci tuwon da Iya ta zuba mini ba, abin da har ta mutu tana yi mini gori a kansa.

Na ɗauka na ɓata komai. Amma a cikin makon, da sassafe, goggo ta buɗe ƙofa ta ga ubanta tsaye da 'yar jakarsa. Ya ce a kira masa amaryarsa mai baki, ta kai shi wurin lauyan.

A ofishin lauya ne na koyi abin da ya ba ni mamaki. Ya ce a kotu, maganar shaida da ba ka ja ba, ka amince da ita ke nan. Wato shirun da mu muka ɗauka ladabi ne, majistare ya rubuta shi a matsayin amsa laifi. Ya kuma ce kada mu saki jiki, don alƙalan ɗaukaka ƙara ba sa sake jin shaidu. Abin da aka rubuta a kotun ƙasa kawai suke karantawa, sai fa in an ba su ƙwaƙƙwaran dalili sun yarda. In suka ƙi, Baba zai je ya dawo da maganarsa a ciki. Na tambaye shi abubuwa har ya ce ko ina so in bar koyarwa ne in zo ya ɗauke ni aiki. Shi kuwa mijin goggo sai da aka ce masa Baba ne da kansa ya ce a yi, sannan ya sa hannu a takardar.

Aka yi ta jira, aka girbe dawa yana ciki. Da ranar ta zo muka shiga jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ni da goggo da Baba. Muna shiga kotun na ga Baba ya ja baya kaɗan. Labari ya riga mu, 'yan ƙasarmu masu aiki a Kaduna sun cika benci, kuma kusan dukansu ɗalibansa ne. Suka miƙe suna “Sannu da zuwa, Sa.” Abin da yake gudu ke nan, ga shi an tara masa wuri ɗaya.

Alƙalai biyu ne, wani tsohon Bature da wani ɗan Arewa. Da Turanci ake komai, goggo tana ta mintsinina in fassara mata. Lauyanmu ya roƙi a ji Baba. Lauyan gwamnati ya tashi ya ce an ba mai laifin dama har sau biyu ya yi tambaya ya ƙi, yanzu da suka ga ɗauri ne za su shirya labari a gida su kawo. Baturen ya cire tabarau ya ce shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan: malamin makaranta, mai ilimi, a ce tambaya ɗaya za ta cece shi ya ƙi yi? Lauyanmu ya ce, “Uban matarsa ne, ya mai shari'a.” Baturen ya ce to, sai me? Na ce a raina shi ke nan. Sai ɗayan alƙalin ya karkata ya yi masa raɗa. Ya daɗe yana yi, har da ɗan nuni da hannu. Har yau ina son in san abin da ya faɗa masa. Ko labarin nasa surukin ya ba shi, oho. Baturen dai ya mayar da tabarau ya ce za su ji shaidan.

Baba ya hau. Akawu ya miƙo Littafi, sai ya zaro hannun dama daga riga ya ɗora. Littafin ya kama rawa a hannun akawun. Goggo ta toshe baki da gyale. Ya faɗi komai da Turancinsa na mishan, a tsanake: shi ya ba da cek, shi ya ce a rubuta sunansa, kuɗin kwanon ɗakinsa aka saya da shi, yana nan a Kagoma duk mai so ya je ya gani. Lauyan gwamnati ya ce kowa ma yana iya kaɗa hannu in ya ga dama. Baba bai yi gardama ba. Ya ce a ba shi takarda da alƙalami.

Ya sunkuya yana rubutu, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, muna jin bakin alƙalamin yana kartar takarda. Da ya gama aka miƙa wa alƙalai, suka duba, aka ba lauyoyi. Ni kuwa na miƙe tsaye na leƙa ta kan kafaɗar lauyanmu, har ɗan sanda ya daka mini tsawa. Harafin farko yana nan da lanƙwasar nan tasa da duk muka sani. Sauran kuwa tawada ce kawai ta watsu ta gangara ƙasan layi. Baba ya juyo ya dubi bencin ɗalibansa, ya ce da Hausa, “Kun gani. Kaza ce ta bi ta kai.” Ba wanda ya yi dariya. Wani babban akawu da ke gabana, mai furfura, na ga kafaɗarsa tana motsi.

Alƙalan suka ce wanda ya rubuta suna da umarnin mai sunan, ba da nufin cutar kowa ba, bai yi jabu ba. Suka soke hukuncin da ɗaurin duka. Baturen ya ƙara da cewa banki yana da hanyar da ake bi in hannu ya gaza, a bi ta nan gaba.

A waje muka tsaya jira a gama takardun sakin mijin goggo. Da ya fito, mutane suka yi kansa, amma ya ratse su ya zo gaban Baba ya durƙusa, ido a ƙasa kamar kullum. Baba ya ce, “Ɗana, ran nan an ce ka tambaye ni ba ka tambaya ba. Ga ni. Tambaye ni duk abin da kake so, a gaban mutanen nan.”

Na matso, kunnena har yana ƙaiƙayi. Watanni mutum yana kwana a siminti, na ce yau za a ji ta. Sai ya ce, “Baba, kun ci abinci kuwa?”

Tsohon ya fashe da kuka. Ya ɗora hannun nan a kan askakken kansa, hannun yana ta rawa, surukin kuma ya kai hannuwansa biyu ya riƙe shi har ya ɗan lafa.

An mayar da mijin goggo aji shida. Baba kuma ya je banki da ƙafarsa ya ce a kawo tawadar dangwale, ya dangwala, har yana gaya wa sabon manajan cewa layin da ke kan takardarsu a karkace yake.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, kunyar da ƙanana ke yi wa manya abu ne mai kyau, ba na so ta ɓace. Amma nauyinta a kan babban yake. In ka san wani ya rufe bakinsa ne don ya rufa maka asiri, kada ka jira ya tambaye ka, don ba zai tambaya ba. Yanzu ni ce tsohuwar, ina da surukai masu durƙusa mini su kalli gefe. Shekarar da idona ya fara dushewa, ban bari wani ya gano ba. Na tara su a falo na gaya musu da bakina, na ce daga yau duk takardar da aka kawo a karanta mini da ƙarfi.